Tama Tana Ƙasa, Masu Narkawa Muke Nema

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, ɗaliban ajin kimiyya sukan yi tururuwa zuwa ga darussa ƙalilan: likitanci, haɗa magunguna, kwamfuta, sai injiniyancin gine-gine ko na lantarki. Injiniyancin ƙarafa kuwa, wato ilimin ciro ƙarfe daga dutse da tace shi da sarrafa shi har ya zama abin amfani, ba kasafai yaro yake zaɓarsa da kansa ba. Wasu da dama jami'a ce take tura su can bayan sun rasa gurbi a inda suka nema, sai su shiga aji da sanyin jiki, suna jiran ranar da za su sami damar sauya sashe. Ƙannena maza da mata, da ku nake magana, waɗanda ke shirin zaɓe da waɗanda suka riga suka tsinci kansu a ciki. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ma'adinin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa ba ya zama arzikin al'umma sai ta sami 'ya'yanta da suka san yadda ake mayar da shi ƙarfe. Wannan sani yana da kasuwa a yau, ko masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta ta tashi ko ba ta tashi ba, da sharaɗin mai shi ya haɗa karatun aji da aikin hannu.

Mu fara da aikin kansa, domin yawancin masu gudunsa ba su san abin da ya ƙunsa ba. Ƙarfe ba ya fitowa daga rami a shirye. Tamar da ake haƙowa a Itakpe ta Jihar Kogi, baƙin ƙarfen da ke cikinta bai wuce kusan kashi 36 cikin 100 ba, alhali babban tanderu yana son wadda ta haura kashi 60. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai aiki mai yawa: a farfasa dutsen, a niƙa shi, a raba mai nauyi da marar nauyi da ruwa ko da maganaɗisu, kamar yadda ake sussuka da sheƙa kafin a sami tsaba. Daga nan sai narkarwa, inda ake amfani da gawayin kwal ko iskar gas a raba ƙarfen da iskar da ta ɗaure shi a cikin dutse, a zuba farar ƙasa ta kwashe dattin ya taso sama. Injiniyan ƙarafa ne yake lissafa yawan kowane abu da za a zuba, da zafin da ake bukata, da ƙarfen da ake asara a cikin datti, da kuɗin da kowane tan zai ci. Baƙin ƙarfe tsantsa yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyas, alminiyum a 660, dalma a 327, kuma kowannensu da irin tanderunsa da irin haɗarinsa.

Rabi na biyu na ilimin yana farawa ne bayan an sami ƙarfen. Me ya sa rodi yake lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, amma faifan injin niƙa yake tarwatsewa idan aka maka masa guduma, alhali dukansu baƙin ƙarfe ne? Amsar tana cikin ɗan sinadarin kabon da ke jikinsu. A rodi bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, a ƙarfen zubin da aka yi faifan da shi kuwa ya haura kashi 2. Haka kuma maƙerin da ya gasa wuƙa ta yi ja ya tsoma ta a ruwa ko a mai, ya san za ta yi tauri, ya kuma san in bai sake ɗumama ta kaɗan ba za ta ɓalle a saran farko. Abin da jami'a take ƙara wa ɗalibi shi ne dalili. Zai yanki ɗan guntun ƙarfe, ya goge shi har ya yi sheƙi, ya ɗiga masa sinadari, ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga yadda ƙwayoyin cikinsa suka jeru, ya gane abin da wuta da sanyaya suka yi musu. Wanda ya iya karanta wannan tsari yana iya faɗin dalilin karyewar gatarin tirela, ko tsagewar walda a jikin tankin mai, ko saurin cinyewar bakin garma, sa'annan ya faɗi abin da za a gyara don kada a maimaita.

Akwai masu cewa ai wannan ƙira ce aka sa mata rigar boko, ƙira kuwa sana'ar gado ce, ta masu baƙin hannu da tsatsar tufafi, ba abin da ɗan da ya ci jarrabawa zai nema ba. Wannan magana ta jahilci tarihinmu. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono tanderun narkar da tama da suka haura shekara 2,000, na mutanen da ake dangantawa da al'adar Nok. Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya suka zo Dutsen Dala neman tama, kuma an sami ragowar tanderu a gindin dutsen da ke gaskata cewa an daɗe ana narka ƙarfe a wurin. Fartanyar da ta ciyar da ƙasar Hausa, da takobi da linzami da mashin da suka kare biranenta, daga hannun waɗannan mutane suka fito, shi ya sa Sarkin Maƙera yake da wurin zama a fada. Narkar da tama ta mutu ne a zamanin Turawa, lokacin da ƙarfen waje da tarkacen motoci da na jirgin ƙasa suka yi arha, maƙeri ya koma sayen sifirin mota yana ƙera lauje da shi. Tun daga nan muka zama masu lanƙwasa ƙarfen da wasu suka narka. Matashin da ya karanci wannan fanni yana ɗauko zaren da ya tsinke ne, da kayan aikin zamani.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na Ajaokuta, kuma bai kamata a rufe shi da daɗin baki ba. A 1979 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Tarayyar Sobiyat, a 1980 Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin ginin, da nufin a riƙa samar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara a matakin farko. An tura matasa ƙasashen waje suka koyo aikin, an gina gari guda domin ma'aikata. Shekaru fiye da 40 sun wuce babban tanderun bai narkar da tama ba. Kamfanin Aladja da ke Jihar Delta, wanda aka buɗe a 1982, ya yi aiki na wani lokaci ya durƙushe, kamfanonin mulmula ƙarafa na Katsina da Jos da Osogbo da aka gina don su riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga gare shi suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, daga baya aka sayar da su. Kamfanin narkar da alminiyum na Ikot Abasi ma bai tsira ba. Uban da ya ga abokinsa ya tsufa yana jiran a kunna tanderun Ajaokuta yana da hujja idan ya ce wa ɗansa ya nemi wani abin. Ni ma ba zan ce wa kowa ya ɗora rayuwarsa a kan alkawarin farfaɗo da kamfanin ba, duk da cewa a 2023 an kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa ƙarafa.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, ban da siyasa da rashin kuɗi da sauye-sauyen manufa da suka dabaibaye aikin, akwai matsalolin da ilimi ne kawai yake warware su. Tamar Itakpe sai an inganta ta. Kwal ɗin Inugu ba irin wanda ake gasawa ya zama gawayin babban tanderu ba ne, na Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa kuwa, wanda yake da wannan siffa, toka da farar wuta sun yi masa yawa. Yadda za a wanke shi, ko a gauraya shi da na waje, ko a bi hanyar iskar gas wadda muke da ita da yawa, tambayoyi ne da injiniyoyin ƙarafa za su amsa, kuma ƙasar da ba ta da nata za ta saya daga baƙi a farashin da suka ga dama. Na biyu, ana gina masana'anta a shekara uku ko huɗu, amma injiniyan da za a damƙa wa tanderu ba ya nuna sai ya haɗa karatun shekara biyar da wasu shekaru a bakin wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda aka horar a shekarun 1980 sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Duniya tana samar da kusan tan biliyan 1.9 na ƙarfe a shekara, fiye da rabi daga Sin, Masar kaɗai tana yin kusan tan miliyan 10. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da ke gina gidaje da gadoji da layin dogo ba za ta dawwama tana shigo da kusan komai ba, kuma duk ranar da ta motsa, waɗanda suka shirya ne za a kira.

Amma ba jiran wannan rana nake kiran ku ba, domin aikin yana nan tun yanzu a wuraren da ba a rubuta sunan fannin a ƙofarsu ba. Tarkacen da 'yan gwangwan suke tarawa a unguwanninmu ana loda shi a tireloli zuwa masana'antu irin na Ikorodu da Ogijo, a narka shi da wutar lantarki a yi rodi. Tarkace kuwa gauraye yake, akwai jan ƙarfe da sauran baƙin abubuwa da narkarwa ba ta fitar da su, saboda haka kowace tukunya sai an ɗebi samfuri an auna kafin a zuba. Kamfanonin siminti na Obajana da Ashaka da Sakkwato suna niƙa dutse da ƙwallayen ƙarfe masu cinyewa kullum, suna bukatar wanda zai zaɓi irin da ya fi jurewa. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, kowace mahaɗa tasa walda ce, kowace walda sai an duba cikinta da hoton haske ko da na'urar sauti ba tare da an fasa ta ba. Matatun mai da tashoshin lantarki da jiragen ruwa kullum cikin yaƙi da tsatsa suke. Kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kaduna tun 1964 da ƙarfe yake aiki. Duk inda ake narkawa, ko zubi, ko walda, ko gudun tsatsa, akwai gurbin mai wannan ilimi.

A ɓangaren ma'adinai kuma, mu mutanen Arewa mun riga mun biya farashin rashin sani da rayukan 'ya'yanmu. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Dutsen zinarin da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a niƙa a bushe, ƙura ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gwaji ɗaya a ɗakin bincike zai nuna abin da ke cikin dutsen, niƙa shi a jiƙe nesa da gida zai kashe ƙurar, kuma akwai hanyoyin tace zinari da ba sa bukatar zaibar da mahaƙa suke ƙonawa suna shaƙa. Wannan duka darasin aji ne ga ɗalibin ƙarafa. Ga kuma asarar dukiya: an kwashi kuza da kolumbait daga tsaunukan Jos shekara da shekaru, yanzu kuma ana rububin litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara. A Segilola ta Jihar Osun an fara fitar da zinari da injinan zamani a 2021, a Nasarawa an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a 2024. Tambayar ita ce, a irin waɗannan wurare, 'ya'yanmu za su tsaya a ɗaukar buhu da gadi, ko za su zauna a ɗakin da ake juya injin?

Wani zai ce, tunda haka ne gara a karanci injiniyancin injina, wanda ya fi faɗi, guraben aikinsa kuma suka fi yawa. Gaskiya ne tallan aikin da ke neman injiniyan injina ya fi yawa, amma masu riƙe da takardar ma sun fi yawa nesa ba kusa ba. Fannin da masu shi ba su da yawa yana ba wanda ya ƙware daraja, domin ranar da tukunyar tururi ta tsage ko aka dawo da lodin rodi saboda ya faɗi gwaji, ba kowa ake kira ba. Ban da haka, yawancin jami'o'i sun faɗaɗa sashen ya haɗa da sauran kayan ƙira, irin su roba da tangaran da gilashi da bulon da ke jure wuta, har zuwa kayan batir. Ilimin kuma yana tafiya da mai shi ƙetare. Ana neman masu tace ma'adinai a Ostireliya da Kanada da Afirka ta Kudu, da Tarkwa da Obuasi a Gana, inda ake da jami'ar ma'adinai sukutum a Tarkwa. 'Yan'uwanmu na Nijar, inda ake haƙar yuraniyam a Arlit tun farkon shekarun 1970, suna da makarantar EMIG a Yamai da EMAIR a Agadas. Abin da ba zan ɓoye muku ba shi ne, aikin yakan kai mutum nesa da gida, daji ko bakin teku, da kwanan aiki da zafin tanderu. Wanda ba ya son komai sai ofis mai sanyi ya yi tunani tun yanzu.

Hanyar shiga a bayyane take. A sakandare ku riƙe lissafi da fizik da kemistiri da Turanci da hannu biyu, domin su ake nema a sakamakon WAEC ko NECO, su ne kuma ake rubutawa a JAMB. Kemistiri musamman kada ku yi masa haddar jarrabawa, shi ne ƙashin bayan narkarwa da tsatsa. Digirin shekara biyar ne, ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'o'in fasaha na tarayya da ke Minna da Akure da Owerri, da Jami'ar Legas, da wasunsu. Kafin ku zaɓi makaranta ku tabbatar hukumar COREN ta amince da sashen, domin ita ce za ta yi muku rajistar zama injiniya bayan kun yi bautar ƙasa kun kuma tara shekarun gogewa. Wanda bai sami jami'a ba kada ya ɗauka ƙofa ta rufe. Kwalejojin fasaha suna ba da difloma ta shekara biyu da babbar difloma a kan zubi da sarrafa ma'adinai, akwai Cibiyar Horar da Ma'aikatan Ƙarafa a Onica, akwai Cibiyar Horon Man Fetur a Effurun da ta yi suna a walda da binciken walda. A Jos akwai Cibiyar Bunƙasa Ilimin Ƙarafa ta Ƙasa, inda ɗalibi zai iya neman gurbin sanin makamar aiki ko taimako a kan bincikensa.

Za a ce ɗakunan gwaji na jami'o'inmu sun tsufa, wasu na'urorin sun daɗe da tsayawa, ɗalibi yana iya gamawa bai taɓa ganin narkakken ƙarfe yana zuba ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma a nan ne sharaɗin da na gindaya tun farko yake aiki. Watanni shidan sanin makamar aiki da ake bayarwa a shekara ta huɗu su ne mafi tsada a cikin digirin gaba ɗaya. Kada ku ɓatar da su a ofishin wani kawu inda za a sa hannu a littafinku kuna zaune. Ku nemi wurin da ake narka ƙarfe ko tace dutse, ko da ba za a biya ku ba, ko da za ku kwana a ɗakin haya da mutum huɗu. A lokacin hutu ku shiga kasuwar Panteka a Kaduna, ko wurin masu zubin tukwanen alminiyum a garinku, ku durƙusa ku gaida su, ku koyi yadda ake haɗa yashin zubi, ku tambayi abin da ke sa tukunya ta fito da ramuka. Tsohon da ya shekara talatin a bakin wuta ya san abin da littafi bai faɗa ba, ku kuma kun san dalilin da shi bai sani ba. Ku ɗauki aikin bincikenku na ƙarshe daga irin waɗannan matsaloli, misali faifan injin niƙa da ke cinyewa yana zuba garin ƙarfe a cikin abincin mutane. Ku koyi zanen kwamfuta da lissafin bayanai, ku iya rubuta rahoto mai tsabta, ku nemi takardar shaidar binciken walda ko ta kare ƙarfe daga tsatsa, domin sau da yawa ita ma'aikata suke fara dubawa.

Ga 'yan mata, kada a ruɗe ku da cewa wannan aikin ƙarfi ne. Injina ne suke ɗaga kaya, abin da ake bukata daga injiniya kai ne da ido da haƙuri, kuma babban ɓangare na aikin a ɗakin gwaji da sashen tabbatar da inganci da ajin koyarwa ake yin sa. Haɗari kuwa akwai shi ga kowa: ɗigon ruwa a cikin narkakken ƙarfe yana iya tayar da fashewa, hayaƙin dalma da zaiba guba ne, shi ya sa kiyaye ƙa'idar tsaro take cikin sana'ar, ba a yi mata ragi. Sai amana, wadda ita ce ta fi komai nauyi. Wata rana za a kawo muku sakamakon gwajin rodin da bai kai ba, mai masana'anta yana tsaye yana lissafin asararsa, a ce ku sa hannu. Wannan rodi zai shiga ginshiƙin makaranta ko asibiti ko masallaci, mutanen da ba su san sunanku ba za su zauna a ƙarƙashinsa. Ku tuna Allah yana gani, ku ƙi sa hannu, ko da kujerarku za ta tafi.

Saboda haka, ƙanina da ƙanwata, idan kuna jin daɗin kemistiri da lissafi, kuma kuna son sanin abin da ya sa abu ya karye ko ya jure, ku zaɓi injiniyancin ƙarafa da gangan, ku rubuta shi a zaɓin farko. Idan kuma tura ku aka yi, ku daina kallon ƙofa, ku zauna ku ƙware. Iyaye da malamai, ku bar yaran da ke da wannan sha'awa su bi ta, ku taimaka musu da kuɗin mota zuwa inda za su koyi aiki. Ku je ku koyo, ku dawo ku narka mana tamarmu a gida. Allah Ya yi muku jagora, Ya sa albarka a karatunku.